Teslim Balogun Ya Wuce a Auna Shi da Yawan Ƙwallaye

Masu raina Teslim "Thunder" Balogun kan ce ai a Ingila ma bai taka babban rukuni ba: Peterborough United a 1955, sai Queens Park Rangers a rukuni na uku. Haka ne, amma ma'aunin nasu ne gurgu. A 1949 tawagar Najeriya ta yi rangadinta na farko a Ingila da Balogun a cikinta, kuma yawancin 'yan wasan ba takalmi suka buga. Ɗan gaban da ya tashi daga nan, cikin shekara shida kulob ɗin Turawa ya ɗauke shi, ana tsakiyar mulkin mallaka, ai hanya ya share wa na baya. Bai kuma zauna can ba, ya dawo gida ya horar da matasa kafin rasuwarsa a 1972.