Ruwan sha: darasin Tibiri

Daga 1985 zuwa 2000, mutanen Tibirin Gobir sun sha ruwan famfo mai sinadarin fuliyor fiye da miligaram 1,5 a lita, iyakar da hukumar OMS ta tsaida. Ɗaruruwan yara suka tashi da karkatattun ƙafafu kafin mahukunta su farga.

Yau wa ke auna ruwan Gulbin Maradi da tabkin Madarunfa, gundumar da kwalara ta ɓulla a 2018? Ya kamata kowane gari ya samu ƴan sa-kai masu horo da kayan awo, su riƙa kafe sakamako a bakin kasuwa. Ɗan kasuwa ya sa kuɗi, ma'aikaci ya sa ilimi. In sun yi kururuwa, wajibi ne gwamnati ta amsa cikin mako guda. Tibiri ta jira shekara 15.