Sabuwar gwiwa a tsohon jiki

Masu karatu, filinmu na wannan mako zai duba aikin canjin gwiwa, wanda dattawanmu, ƴan kasuwa da tsoffin ma'aikata, suke tara dukiya domin a yi musu a Tunis ko Indiya.

Idan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsi har ƙashi yana gugar ƙashi, likita yakan kankare wurin da ya lalace, ya sa ƙarfe da roba a madadinsa. Aiki ne mai inganci: binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa cikin gwiwa 10 da aka canza, 8 suna kai shekara 25. Amma fa gwiwa kaɗai ake canzawa, sauran jiki yana nan da cututtukansa.

Babba daga cikinsu shi ne ciwon sukari. In sukari ya yi yawa cikin jini, miki ba ya saurin warkewa, ƙwayoyin cuta kuma su sami ƙofa. In suka kama ƙarfen, shan magani kaɗai bai cika isa ba. Sau da yawa sai an sake tsagawa, wani lokaci har a cire ƙarfen, kuɗi su ninka, wahala ta ninka. Saboda haka a nemi awon HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata uku da suka wuce.

Sai ƙiba, wadda wasu ke ɗauka alamar wadata. Kowane kilo ɗaya na jiki, nauyin kusan kilo huɗu yake aza wa gwiwa a kowane taki.

Mai tansiyo ko ciwon zuciya ya gaya wa likita gaskiya, da dukan magungunan da yake sha, har na gargajiya. Bayan aiki jini yakan daskare cikin jijiyar ƙafa, dogon zama cikin jirgi kuma yana ƙara haɗarin. Kada a yi gaggawar komawa gida. Mai shan taba ya bar ta aƙalla mako huɗu kafin aiki.

In an dawo, saura motsa gwiwa kullum a hannun kine. Da yawa durƙuso yakan yi musu wuya ko bayan sun warke, sai su yi salla bisa kujera.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin fasfo da biza, a fara da awon jini.