Sharar Jos Ba a Jos Take Tsayawa Ba

Ya ku ɗalibai, ko kun taɓa lura da abin da yake faruwa a unguwanninmu idan ruwan Agusta ya kece? Yara da manya sukan fito da bokitai da buhunan shara, su juye a cikin kwata. Kafin ruwa ya ɗauke, ƙofar gida ta yi fes, kowa ya koma ɗaki yana ganin ya huta. Ni ma ina yaro an sha aike na in yi haka, kuma ban taɓa tambayar inda sharar take zuwa ba. Yau ina so mu yi wannan tambaya tare.

Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku. Saboda haka ruwa daga wurinmu yake gangarawa zuwa ga wasu. Kogin Dilimi, wanda ya ratsa gari, yana bi ta Jihar Bauchi ya shiga Kogin Jama'are. Shi kuma ya haɗu da Kogin Haɗeja, su zama Kogin Yobe, wanda yake ƙarewa a Tafkin Chadi. Haka kuma Kogin Kaduna da Kogin Gongola duk daga tsaunukan Filato suka faro. Na farko ya faɗa Kogin Neja, na biyu ya faɗa Binuwai a Numan. Neja da Binuwai suka haɗu a Lokoja, suka nufi Tekun Atlantika.

A cikin Tafkin Chadi akwai ƙananan tsibirai inda Buduma suke zaune, suna kamun kifi da kiwon shanu. Mutumin tsibiri ba shi da bayan gari. Abin da ya jefa a ruwa, shi zai sha gobe, shi kifinsa zai ci. Mu kuwa, da yake ruwanmu yana tafiya, sai muka ɗauka ya yafe mana. A ganina, wanda yake zaune a mafarin kogi ya fi kowa nauyin tsaftace shi, domin amanar mutanen da bai taɓa gani ba tana wuyansa.

Ba kowace leda ce take yin doguwar tafiya ba. Wata tana maƙalewa a lambunan bakin Dilimi, inda ake noman kabeji da latas da karas ɗin da muke ci. Wata saniya ce take haɗiye ta; ku tambayi mahauci abin da yake tararwa a cikin tumbi. Wata kuma tana toshe magudana. A watan Yuli na 2012, ruwan sama mai ƙarfi ya sa madatsar ruwa ta Lamingo ta yi ambaliya. Ruwa ya afka wa unguwanni irin su Rikkos da Gangare, fiye da mutum 30 suka rasu, gidaje da yawa suka rushe. Ba shara kaɗai za a ɗora wa laifi ba. Amma ruwan da aka tare wa hanya, dole ya nemi wata, ko da ta cikin ɗakin mutum ce.

Wani zai ce kwashe shara aikin gwamnati ne, tun da akwai hukumar PEPSA. Gaskiya ne, kuma haƙƙinmu ne mu nemi ta yi aikinta. Sai dai motar shara ba ta shiga kowane lungu, kuma ba jami'in hukuma ne yake fitowa da bokiti lokacin da ake ruwa ba. Mu ne.

To, mene ne abin yi? Mu fara raba shara tun daga gida. Toka da ɓawon dankali da ragowar abinci taki ne. 'Yan lambun Jos sun daɗe suna amfani da tokar gari a gonakinsu, matuƙar ba a gauraya ta da batir ko fasasshiyar kwalba ba. Ƙarfe da gwangwani da robar ruwa kuɗi ne a wurin 'yan jari-bola. Leda kuwa, maganinta a rage karɓarta. Ƙasar Ruwanda ta haramta ta tun 2008, kuma kasuwanninta ba su daina ci ba. Kakanninmu da kwando suke zuwa cefane.

Abin da ya rage sai a ware masa wuri guda a unguwa. Mai unguwa da liman da fasto da matasa su zauna su tsayar da wurin, su naɗa masu kula da shi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku ma kuna da rabonku. Ku ajiye kwanduna uku a ajinku. Ran da aka aike ku zubar da shara a kwata, ku yi wa iyayenku bayani cikin ladabi, ku gaya musu inda ruwan yake zuwa da waɗanda za su sha shi.

Tambayoyi
1. Waɗanne koguna ne ruwan Dilimi yake bi kafin ya isa Tafkin Chadi?
2. Me marubuci yake nufi da cewa mutumin tsibiri ba shi da bayan gari?
3. Rubuta jimla biyar a kan yadda ake zubar da shara a unguwarku.