SANIN DOKA: In kaya sun ɓaci a teku, wa zai biya?

Nijar ba ta da teku. Amma shinkafar waje da ake saye a kasuwar Maraɗi, da shayi, da takin zamani, da injin ban ruwa, yawancinsu ta teku suke zuwa. Jirgin ruwa ne ke sauke su a tashar Kwatano ta ƙasar Benin, ko Lome ta Togo, ko Tema ta Gana. Daga can manyan motoci su ɗauko. Tsakanin Kwatano da Yamai akwai kilomita fiye da 1.000. A shekarar 2023 da aka rufe iyakar Benin, kaya masu yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Riɗi da ƙaro da fatu da manoma da makiyaya ke sayarwa, su ma jirgi ne ke ƙetarar da su zuwa Turai da Asiya.

To, in ruwa ya shiga jirgi ya jiƙe taki, wa zai biya? In an loda buhu 400 aka sauke 380, hasarar ta wane ne? Wannan magana ta shafi manomi. In ba wanda ya biya ɗan kasuwa, shi ko sai ya ɗora hasarar bisa farashin buhun da ya rage. Abin da ya ci doma ba ya barin awai.

Takardar lodi

A da, in mutum ya ba madugu kaya ya kai Bilma, baki da shaidu sun isa, don an san juna. Mai jirgi kuwa bai san mai kaya ba. Saboda haka komi sai da takarda. Sunanta takardar lodi. Ƴan kasuwa suna ce mata konesma, daga faransanci.

Takardar nan aiki uku take yi. Na ɗaya, ita ce shaidar cewa mai jirgi ya karɓi kaya, da yawansu, da nauyinsu, da halin da suke ciki. Na biyu, ita ke nuna sharuɗɗan da aka yi jinga a kansu. Na uku, tana zama madadin kayan kansu. Wanda ya riƙe ta bisa ƙa'ida shi za a ba kaya a tasha. Ana iya sayar da kaya tun suna tsakiyar teku, a miƙa wa mai saye takardar kurum. Shi ya sa banki ke riƙe ta kamar jingina.

In mai jirgi ya ga buhuna a yage ko a jiƙe tun wurin lodi, sai ya rubuta haka a jikinta. In bai rubuta komi ba, doka na ɗauka ya karɓi kaya lafiya lau.

Dokokin duniya

Tun can farko masu jirage ne ke rubuta sharuɗɗa yadda suka ga dama. Sukan rubuta cewa ko me ya samu kaya ba ruwansu. Masu kaya suka yi ta kuka. A shekarar 1924 ƙasashe suka sa hannu a birnin Burusel na Beljiyam bisa wata yarjejeniya da ake kira Dokokin Hag. An gyara ta a 1968 da kuma 1979. Mafi yawan kayan da ke ratsa teku bisa wannan doka ko gyararriyarta suke tafiya.

Dokar ta ɗora wa mai jirgi nauyi biyu. Dole ya kula jirginsa ya zan lafiyayye kafin ya tashi, da ma'aikata isassu, da wurin ajiya mai tsabta. Dole kuma ya loda kaya, ya jera su, ya tsare su, ya sauke su cikin natsuwa. Ba shi da ikon rubuta sharaɗin da zai sauke masa wannan nauyi.

Amma dokar ta bar masa ƙofofin fita har 17. In guguwar teku ce ta ɓata kaya, ko yaƙi, ko yajin aiki, ba ya biya. In mai kaya ne bai ɗaure kayansa da kyau ba, ba ya biya. In gobara ce, ba ya biya sai in laifinsa ne shi da kansa. Wadda ta fi ban mamaki ita ce wannan: in direban jirgi ya yi kuskuren tuƙi ya hau dutse, mai jirgi ba ya biya. Makiyaya kuma su lura, Dokokin Hag ba su shafi dabbobi masu rai ba ko kaɗan.

Ƙasashe masu tasowa, waɗanda suka fi kaya yawa bisa jirage, suka ce ba a yi musu adalci ba. Sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taro a Hambur ta ƙasar Jamus a 1978, aka yi sabuwar doka. Ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 1992. A cikinta, in kaya sun ɓaci a hannun mai jirgi, ana ɗauka laifinsa ne, sai in ya kawo hujjar cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa. An toshe ƙofar kuskuren tuƙi. An sa dabbobi a ciki. An sa biyan diyya in kaya sun makara. Najeriya, Burkina Faso, Senegal da Kamaru suna cikin waɗanda suka karɓe ta. Sai dai manyan ƙasashe masu jirage ba su shiga ba.

A 2008 aka sake yin wata, Dokokin Rotadam, don ta haɗa tafiyar teku da ta tudu cikin jinga guda. Nijar ta sa hannu a 2009. Amma sai ƙasa 20 sun tabbatar da ita za ta fara aiki, ba a ko kai wannan adadi ba.

Wace doka ce za ta hau kan kayan mutum? Wannan ya danganta ga ƙasar da aka yi lodi, da wadda za a sauke, da abin da aka rubuta bayan takardar lodi. Don haka ƙananan rubutun nan na baya ba ado ba ne.

Diyya tana da iyaka

Ko laifi ya tabbata, mai jirgi ba kullum yake biyan dukan kuɗin kaya ba. Ana lissafi da wani ma'aunin kuɗi na duniya mai suna DTS. Bisa gyaran 1979, iyakar diyya DTS 666,67 ce kan kowane ƙunshi, ko DTS 2 kan kowane kilo, a ɗauki wadda ta fi yawa. A lissafin shekarar 2024 wannan ya kama jika 500 da ƴan kai kan ƙunshi, ko jika ɗaya da rabi da ɗan ƙari kan kilo. Dokar Hambur ta ɗaga shi zuwa 835 da 2,5.

Ga shinkafa da taki wannan iyaka ta wadatar. Amma ga kaya marasa nauyi masu tsada, kamar maganin dabbobi, hasara na iya fin diyya nesa. Mafita ita ce a faɗi darajar kaya tun wurin lodi, a rubuta ta a takarda, ko da kuɗin sufuri zai ƙaru.

Ga wani abin lura game da kwantena. In an rubuta kwantena ɗaya kurum, doka na lissafa ta ƙunshi ɗaya. In an rubuta kwantena ɗaya mai katan 300, kowane katan ƙunshi ne. Layi guda na rubutu yana iya tsirar da dukiyar ƙungiya.

Hasarar taron dangi

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida ta teku. In jirgi ya shiga haɗari aka zubar da kayan wani a ruwa don sauran su tsira, ko aka kashe kuɗin ceto, to kowa sai ya taimaka. Mai jirgi da dukan masu kaya suna raba hasarar gwargwadon dukiyar kowa. A watan Maris 2021 babban jirgin nan Ever Given ya maƙale a mashigin Suwes na Masar kwana 6, ɗauke da kwantena wajen 18.000. Masu shi suka nemi a yi wannan rabo. A irin wannan hali, wanda kayansa ba su yi ko ƙwarzane ba, ba a sakar masa su sai ya ba da jingina. Mai inshora, kamfani ne ke tsaya masa. Maras ita, daga aljihunsa.

Lokaci ba ya jira

In ɓarna a fili take, sai a rubuta wa mai jirgi nan take wurin karɓar kaya. In ɓoyayya ce, Dokokin Hag sun ba da kwana 3, dokar Hambur kwana 15. Wanda ya yi shiru, ana ɗauka ya karɓi kaya lafiya, nauyin kawo hujja ya koma kansa. Shigar da ƙara kuwa shekara 1 ce a Dokokin Hag, shekara 2 a ta Hambur. In ta wuce, magana ta mutu.

Nan ne matsalar ɗan Nijar take. Mota na iya yin makonni kafin ta iso Damagaram ko Tawa. Kafin a buɗe kaya, kwana 3 sun daɗe da shigewa. Kuma dokar teku a tasha take tsayawa. Daga tasha zuwa gida wata jinga ce dabam da mai mota, ƙarƙashin dokar OHADA ta 2003 game da sufurin kaya bisa hanya. In ba a duba kaya a tasha ba, mai jirgi ya ce mai mota ne, mai mota ya ce mai jirgi ne.

Abin yi

Ƙungiyar manoma da za ta yi odar taki ko ta fitar da riɗi, ta kiyaye abu biyar. Ta tambayi wanda ke ɗauke da hasara tsakanin mai saye da mai sayarwa, daga ina zuwa ina. Ta sa a rubuta yawan buhu da nauyi daidai. Ta samu amintaccen wakili a tasha wanda zai ƙirga kaya ya rubuta koke cikin lokaci. Ta yi inshorar da ta kai har ƙofar mangaza. Ta adana kowace takarda wuri guda.

Wanda ke son ƙarin bayani yana iya zuwa ofishin CNUT, hukumar da ke kula da masu aika kaya na Nijar, ko ofishin ƴan kasuwa na jiharsa. Wakilan ƙungiya da suka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, su ya kamata a riƙa tura wa wannan aiki.