Maharbi Ya Samu Barewa, Ya Rasa Baka

Daga tsakiyar watan Satumba zuwa farkon Oktoba, jihohin arewacin Amurka irin su Wisconsin da Michigan kan buɗe lokacin farautar barewa da baka. Dubban maharba ke shiga daji, akasarinsu riƙe da bakan zamani mai 'yan tayoyi da na'urar saiti. Sai dai akwai 'yan tsiraru da suka kafe a kan bakan gargajiya: lanƙwasasshen ice, tsirkiya, sai ido da hannu. Su ne kuma suka fi kowa shiga tashin hankali idan baka ya salwanta.

Kusan hanya ɗaya abin ke bi. Barewa ta fi fitowa kiwo da almuru. Kibiya ba ta cika kayar da dabba nan take ba, don haka maharbi yakan dakata kamar rabin awa kafin ya bi sawun jini, sau da yawa da tocila. In ya tarar da ita sai ya farke ta, ya cire kayan ciki, ya kama jan naman da kan haura kilo 50 zuwa inda ya bar mota. Aiki ne na hannu biyu, dole a ajiye baka. Wani ya jingina shi a jikin bishiya, wani ya ɗora shi kan rufin mota da niyyar ɗauka in ya gama lodi. Ga murna, ga gajiya, ga duhu. Sai an isa gida hankali yake dawowa. Da asuba mutum ya koma yana zagaye cikin busassun ganyen kaka da launinsu ya saje da na icen, ko ya bi gefen titi a ƙafa yana dube-dube. Daga nan sai cigiya a shagunan kayan farauta, wasu har da alkawarin tukuici.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce a sayi wani mana. Ga bakan zamani haka ne, domin kamfani ya ƙera dubbai irinsa. Bakan da aka sassaƙa da hannu kuwa ba shi da tagwaye. Masu yinsa a Amurka sun fi son icen Osage, irin wanda 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna daraja shi. Ana tsaga gungumen, a toshe bakinsa biyu don kada ya dare, a bar shi ya bushe shekara guda ko fiye. Sannan a dinga kankare cikinsa kaɗan-kaɗan ana gwada ja, har ɓangaren sama da na ƙasa su lanƙwasa daidai wa daida. Kankara ɗaya ta wuce ƙima, aikin wata da watanni ya tashi a banza. Kuma da yake babu na'urar saiti, sai maharbi ya shekara da shekaru yana harbi kafin hannunsa ya san inda wannan bakan ke kai kibiya daga nisan mita 15 ko 20. In na mahaifi ne ko na malamin da ya rasu, zafin ya ninka.

Duk da haka wannan rashi yana da magani. Muddin akwai masassaƙin da ya iya, akwai icen, akwai kuma barewar da za a fita nema, baƙin ciki zai lafa, a yi sabon baka. Rashin da ba ya gyaruwa shi ne na ranar da aka nemi mai yin bakan aka rasa. Amurka ta kusa faɗawa wannan ramin, kuma labarin yadda ta tsira ya cancanci a karanta shi a ƙasar Hausa da natsuwa.

A watan Nuwamban 1908, wasu ma'auna ƙasa da ke yi wa wani kamfanin wutar lantarki aiki suka yi kiciɓis da wata maɓoya a kwazazzabon rafin Deer Creek, a arewacin Kalifoniya. Mutum huɗu ne a wurin, ragowar ƙabilar Yahi, wadda Turawa masu neman zinariya da makiyaya suka ƙarar da kisa tun daga wajajen 1850. Uku suka gudu, aka bar tsohuwa ɗaya da ba ta iya tashi. Baƙin suka kwashe abin da suka samu don tsaraba: baka da kibau da kwari, mashin kamun kifi, mayafin fata, har da ɗan abincin da aka tanada, alhali sanyin hunturu na ƙofa. Tsohuwar ba ta jima ba ta rasu. Biyu daga cikin waɗanda suka gudu ba a sake ganinsu ba.

Na huɗun ya rayu shi kaɗai kusan shekara uku. Ranar 29 ga Agustan 1911 yunwa ta fito da shi kusa da wata mayanka a gefen garin Oroville. Masana biyu na Jami'ar Kalifoniya, Alfred Kroeber da Thomas Waterman, suka kai shi gidan tarihin jami'ar a San Francisco, inda ya zauna, aka san shi da suna Ishi.

A nan ya haɗu da wani likitan tiyata mai suna Saxton Pope. Likitan bai tsaya kallon Ishi kamar yadda jama'a ke tururuwa su kalle shi ranar Lahadi ba. Zama ya yi a gabansa kamar almajiri, yana rubuta komai. Ya ga yadda yake zaɓen icen wata bishiyar kan dutse, ya kankare shi, ya goge da dutsen yashi har ya zama baka mai tsawon inci 42. Ya ga yadda yake tauna jijiyar ƙafar barewa ta yi laushi, ya manna ta a bayan bakan da ƙaron da ya dafa daga fatar kifi, ya kuma murza tsirkiya da irin wannan jijiyar. Ya rubuta ladubban da ke tattare da shi: ba a tsayar da baka a tsaye sai dai a kwantar, ba a tsallaka shi, yara ba sa wasa da shi. Jajibirin farauta Ishi ba ya cin kifi, ba ya shan taba, da asuba kuma yakan yi wanka a rafi don kada dabba ta shaƙi warinsa. Yakan sa ganye a leɓe ya kwaikwayi kukan ɗan barewa, mutanensa kuma kan ɗora busasshen kan barewa a ka su yi sanɗa. A 1914 suka tafi Deer Creek tare da Kroeber da Waterman, Ishi ya nuna musu komai a inda ya koya.

Tarin fuka ya kashe Ishi ranar 25 ga Maris 1916. Zaman nasu bai cika shekara biyar ba, amma ya isa. Pope da abokinsa Art Young suka ci gaba da farauta da baka, kuma a 1923 Pope ya wallafa littafinsa kan wannan fanni, wanda har yau ake bugawa. Wani matashi a Detroit mai suna Fred Bear ya kalli fim ɗin farautar Young a Alaska, abin ya shiga ransa, ya kafa kamfanin da ya sa baka a hannun miliyoyin mutane. Wisconsin ta ware wa maharba lokacinsu na musamman a 1934, Michigan ta bi sahu a 1937. A 1961 aka kafa ƙungiyar maharba mai ɗauke da sunan Pope da Young. Abin takaici ne a ce al'ummar da ta shafe Yahi ita ce ta gaji fasaharsu, kuma babu littafin da zai wanke wannan zalunci. Amma gaskiyar da ke ciki ba ta canja ba: ilimin ya tsira ne saboda mutum guda ya zauna ya koya kafin mai shi ya tafi.

Koyo kaɗai bai isa ba, domin baka ba ya rayuwa inda babu abin harbi. A farkon ƙarni na 20 barewar Amurka mai farar wutsiya ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan saboda farautar kasuwa. Dokar Lacey ta 1900 ta hana safarar naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji, kuma a 1972 aka shigar da kayan baka cikin tsarin, da harajin kashi 11 cikin 100. Aka ƙayyade lokacin farauta, aka ƙayyade adadin da mutum zai kashe, aka wajabta lasisi. Yau ana ƙiyasta barewar da kusan miliyan 30. Maharban ne da kansu ke biyan kuɗin da ke tsare dabbar da suke harbi.

Bahaushen da ya girma kusa da maharba zai ji labarin Ishi kamar na wani kakansa. Inda Yahi ke ɗora kan barewa, maharbin ƙasar Hausa kan burtu yake ɗaurawa a goshi ya sunkuya cikin ciyawa, yana kaɗa shi har gada ko barewa ta saki jiki. Kibiyarsa ta kyauro ce, maƙeri ya ƙera mata kai mai kunne, a shafa mata dafin kwankwani. Wannan dafi kansa ilimi ne mai zurfi: daga dangin kwankwani na gabashin Afirka likita Thomas Fraser na Edinburgh ya fitar da maganin ciwon zuciya a 1885. Tarihi ma bai manta da baka ba. A yaƙin Tabkin Kwatto na watan Yunin 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba su da dawaki sai 'yan kaɗan, 'yan baka ne suka karya mahayan Gobir masu lifidi. Sarautar Sarkin Baka tana nan a masarautu da dama, kuma a 2014 duniya ta ji yadda mafarautan Adamawa suka taimaka wajen ƙwato Mubi daga Boko Haram.

To amma a yau adaka da bindigar baushe sun kori baka daga kafaɗar mafi yawan mafarauta. Gwanki da kanki da mariri sun zama dabbobin tatsuniya ga yaran birni, barewar ma sai an sha wuya ake ganinta. Farautar gayya ta rani, da motoci cike da samari da karnuka, ga cinna wa daji wuta, ba ta barin mai ciki balle mai shayarwa. Dokar namun daji ta Arewa ta 1963 tana nan a takarda. Dazuzzukan da aka keɓe don dabbobi, irin su Sambisa da Kamuku da Falgore, sun fi yin suna da 'yan bindiga. Yankari, da aka keɓe a 1956, ita ce ke ta fafutukar riƙe abin da ya rage. Tsoffin da suka san icen da ake sara da lokacin saransa, da yadda ake murza tsirkiya, da addu'o'i da ladubban shiga daji, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu kuma suna kan acaɓa a birni.

Za a ce ƙasar da ke fama da yunwa da garkuwa da mutane ba ta da lokacin baka da kwari. Maganar tana da nauyi, amma ta manta cewa dajin da maharba suka bari shi ne ɓarayi suka gada. Mutanen da suka san kowace hanya da kowane tafki a daji dukiya ce ta tsaro, kuma dajin da ke da masu gadi da masu lasisi yana samar da aikin yi. Za a kuma ce kibiya mai dafi ba abin wasa ba ce. Haka ne, shi ya sa abin da ya kamata a raya shi ne sassaƙa da harbin gwani a fili, da kibiya marar dafi, a ƙarƙashin idon Sarkin Baka. Turkiyya ta farfaɗo da harbin bakanta na gargajiya har hukumar UNESCO ta shigar da shi cikin gadon al'adun duniya a 2019, matsayin da bikin kamun kifi na Argungu ya samu a 2016, hawan dabar Kano kuma a 2024.

Aikin ba ya buƙatar biliyoyi. Sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai suna da ɗaliban da ke neman batun bincike kowace shekara. A tura su su zauna da masu yin baka, su ɗauki aikin a bidiyo daga saran ice har zuwa harbin farko, kuma su gwada yi da hannunsu. Gidan Makama na Kano da Gidan Arewa na Kaduna su tattara bakuna da kwaruruwa tare da sunan wanda ya yi kowanne da garinsu. Masarautu su sa gasar harbi cikin shagulgulan Sallah. Gwamnatocin jihohi su zauna da ƙungiyoyin mafarauta a tsayar da watannin da ba a farauta, a hana cinna wuta, a ba da lasisi mai katin shaida, kuɗin kuma ya koma kan masu gadin daji. Matakin farko ya fi kowanne sauƙi: kowane Sarkin Baka ya san tsoffin da suka rage a ƙasarsa masu iya sassaƙa baka, kuma majalisar masarautarsa za ta iya neman ya kawo sunayensu kafin ranin bana ya wuce.