Madawa: injunan ban-ruwa na ƙaruwa, wa ke lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa?

Daga watan Oktoba zuwa Afrilu, fadamar Tarka da ta ratsa Karofan a gundumar Buza, ta bi ta Madawa da Sabon Gida har iyakar Najeriya, kan cika da garaken albasa. Albasar ƴar Galmi da ake lodawa daga nan tana kaiwa kasuwannin Gana, Kwaddibuwa, Togo da Benin, ita ce kuma ke riƙe dubban magidanta a gida lokacin da a da suke tafiya cin rani. Sai dai duk wannan arziki ya rataya ne a kan ruwan da ke kwance cikin yashin fadama, wanda damina ta wata uku ke zubawa, a yankin da ruwan sama bai cika wuce milimita 500 a shekara ba.

A da, guga da ƙarfin hannu ne ke iyakance abin da manomi zai ɗiba. Furojen Tarka da Turai ta ɗauki nauyinsa a shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan rijiyoyin tiyo da injunan ban-ruwa, gonaki suka faɗaɗa. Daga nan tsadar mai ce ta zama birki, musamman bayan Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Yanzu manoma na komawa ga injin mai aiki da hasken rana. Sauƙi ne babba ga aljihu, amma wanda ba ya sayen mai ba ya gaggawar kashe inji.

Injin da ke zuƙo ruwa daga bakin rijiya ba ya iya jawo shi idan zurfin ya wuce mita bakwai zuwa takwas. Shi ya sa a watannin Maris da Afrilu, idan ruwa ya ja baya, ake ganin manoma na haƙa rami su saukar da injin ciki. Mai hali ya ƙara zurfin rijiya, maras hali ya bar wani sashe na garkarsa ya bushe. Rijiyoyin shan mutane da na dabbobin makiyaya ma sau da yawa daga wannan ruwa suke sha.

Hanyar farko ta gyara tana cikin garka. Saiwar albasa ba ta nisa, akasarinta cikin santimita 30 na sama take, don haka malala ruwa da yawa a fangali lokaci guda asara ce. Wani ruwan kuma yana salwanta a hanyoyin ƙasa tun kafin ya isa ga shuka. Binne bututun roba daga rijiya zuwa bakin fangali, ban-ruwa da sassafe ko da marece, da zuba takin gargajiya, duk suna rage ɓarna da kuɗin mai. Ban-ruwan ɗigo-ɗigo ya fi tsimi, amma tsadarsa da toshewar tiyo na korar ƙaramin manomi. Akwai kuma tarko: idan ruwan da aka tsimta aka buɗe sabuwar gona da shi, fadama ba ta samu komai ba.

Hanya ta biyu tana kan tudu, kuma yankin ya san ta. Daga 1975 ƙungiyar CARE da manoman Majiya suka dasa layukan dogon yaro don tare iska. A 1984 aka buɗe furojen Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumomin FAO da PAM. Cikin kusan shekara ashirin an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da fako sama da hekta 30,000, an gina madatsun ruwa a ƙoramu, mata ne kuma suka ɗauki mafi yawan duwatsun. Darasin shi ne ruwan da aka tsayar a tudu yana nutsewa ya koma rijiya, maimakon ya zaizaye gona ya wuce. Amma da yawa daga irin waɗannan gine-gine sun cike da yashi, domin furoje kan gina ya tafi ba tare da an bar kuɗin gyara ba.

Mahukuntan da suka karɓi mulki a Yulin 2023 sun sa noman rani a sahun gaba na wadata ƙasa da abinci. Dokar ruwa ta 2010 ma ta tanadi a riƙa tafiyar da ruwa tare da masu amfani da shi. Abin da fadamar ke buƙata a aikace shi ne a riƙa auna zurfin ruwa kowane wata a sanar da manoma ta rediyon karkara, ƙananan hukumomi su san yawan rijiyoyin da ke yankinsu, sannan ƙungiyoyin masu albasa su ware wani abu daga kowane buhu don gyaran madatsu. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Keita ta riga ta nuna yadda ake mayar da ruwa ƙasa, saura Madawa ta san nawa take ɗiba.