Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Damagaram: Wa Ke Shayar Da Dabbar Da Aka Tsare?

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram, Alhaji Abubakar Sanda Umaru.

Ranka ya daɗe, kuka na kawo a madadin waɗansu bayin Allah da ba su da bakin zuwa ƙofar fada su faɗi: akuya da tunkiya da saniya da jakin da ake kamawa a kai furiyal, wato garken da hukuma ke tsare dabbar da ta ɓata ko ta yi ɓarna a gonar wani.

Na san abin da fadawa za su fara cewa: furiyal ba ta fada ba ce, ta ma'aikatar magajin gari ce. A takarda haka ne. Amma a ƙauye, akuyar da ta shiga gonar wake ba ofis ake jan ta ba, ƙofar gidan maigari ake kai ta a ɗaure. Dokar ƙasa ma ta san da haka, don tun dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 aka ce rigimar gona da kiwo a fara kai ta gaban sarakunan gargajiya su sasanta kafin a dangana da alƙali. Masu gari da hakimai kuwa, in Sarki ya yi gyaran murya a Birni, suna ji har Magarya da Tanut.

Da kaka, lokacin da gero ya shiga rumbu amma wake da dawa suna gona, na tsaya a bakin irin wannan garke a wani gari da ba zan kama sunansa ba. Shingen ƙaya ne a fili fetal, babu rumfa, babu ko inuwar aduwa. A tsakiya an ajiye rabin ganga, gindinta a bushe, sai tsatsa da rairayi. Awaki a ɗaure da guntuwar igiya, suna lasar ƙasa. Akwai wata tunkiya mai shayarwa, hantsarta ta cika tam har tana tafiya a tale, ɗanta yana can gida yana kuka, ita tana nan tana amsawa. Mai gadi dattijo ne, ba mugu ba. Da na tambaye shi ruwa fa, sai ya buɗa hannu ya ce ba wanda ya ba shi kuɗin ruwa balle na dusa, shi ma tun safe bai karya ba. A bakin shinge wani makiyayi ya rungume sandarsa yana roƙo a bar shi ya shayar da shanunsa a rijiya ya maido su. Amsa guda yake samu: biya tukuna.

Ranka ya daɗe, abin da ke ƙona mini rai shi ne, ba doka muka rasa ba. A ranar 21 ga Yuli 2006 gwamnati ta fitar da ƙa'ida a kan tsare dabbobin da ke yawo ba mai su. Bayan shekara huɗu, ranar 20 ga Mayu 2010, aka sa hannu a dokar kiwo mai lamba 2010-029, wadda ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN suka daɗe suna fafutukar a yi. Dokar nan ta bayyana furiyal a matsayin aikin hukuma don a adana dabbar da ta ɓata, a kuma kare jama'a daga ɓarnarta. Ta ɗora wa ƙaramar hukumar da ke riƙe da garken alhakin tsaron dabbar da cinta da lafiyarta muddin tana hannunta. Ta hana a yi gwanjon babbar dabba sai ta yi wata 3 a tsare, ƙaramar dabba kuma kwana 15. Sannan ga sashen da ya fi kowanne nauyi, wanda kuma aka fi takewa: idan an yi ɓarna a gona, mai dabba ya zo gaban hukuma ya amsa cewa tasa ce ta yi, to babu dalilin ci gaba da tsare dabbar. Magana ta koma tsakanin mutum da mutum, a je a duba gona, a ƙiyasta, a biya.

Makiyayin da na gani bai musanta ɓarna ba. Da dokar ake bi, da shanunsa suna bakin rijiya a lokacin. Amma shi bai san dokar ba, mai gadi bai san ta ba, ina kuma shakkar ko an taɓa karanta wa maigari ita da Hausa. An rubuta ta da Faransanci a Yamai, ta kwanta a aljihun tebur, aka bar yunwar dabba ta zama sandar karɓar kuɗi. Kowa ya san makiyayi ba ya iya kallon saniyarsa tana ramewa. Kwana biyu ba ruwa, ko nawa aka yanka masa zai sayar da ɗan maraƙi ya biya.

A duba ma wa'adin nan na wata 3. An sa shi ne don jin ƙan mai dabba, ya samu lokacin cigiya kasuwa-kasuwa, daga Gidigir zuwa Bakin Birji. To amma wata 3 a garken da ba harawa ba ruwa, me za a tarar ranar gwanjo? Ƙashi da fata, in ma an tarar. Idan an ce mai dabba ne zai biya kuɗin ci da sha, madalla, amma a ci a sha tukuna. Karɓar kuɗin ciyarwa a kan dabbar da ba a ciyar ba, malamai sun san sunansa.

Kada a ɗauka na manta da manomi. Ni ma jikan manoma ne. Wanda garke ya kwana a gonarsa ya wayi gari abincin shekara ya tafi, ba a ce masa ya yi haƙuri kawai. Shari'a ta ba shi haƙƙinsa: a mazhabar Malikiyya da muke bi, ɓarnar da dabba ta yi da dare tana wuyan mai ita. A biya shi cif, a kan lokaci, kada a yi ta kai shi ana kawowa. Sai dai horon da ake yi wa dabba a furiyal ba ya maido masa da ko zangarniya ɗaya. Abin da yake haifarwa shi ne gaba. Makiyaya sun daɗe suna kuka da gonakin tarko da ake shukawa a bakin burtali ko a gefen mashaya, da samarin da ke koro dabbobi daga makiyaya su kai garke don a ba su na goro. Wanda aka yi wa haka bana, baɗi da fushi zai dawo. Mun ga inda irin wannan gaba take kaiwa a Toda ta jihar Maradi a watan Oktoba na 1991, inda aka hallaka mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Ƙasar Damagaram tana da abin alfahari a nan, don Mirya na cikin wurare biyu na farko da aka kafa hukumar kula da filaye a 1994. Kayan aikin sasanci suna nan, mai tashe su ake jira.

Tun muna makarantar allo muka ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Ban san abin da ya fi kama da garken da na gani ba kamar ɗakin wannan mata, sai dai shi an kulle shi ne da sunan hukuma. Malamanmu na fiƙihu sun ce wanda ya kasa ciyar da dabbarsa a tilasta masa ya sayar. In mai ita ba a ƙyale shi ba, ina ga wanda ya karɓe ta amana?

Tunda na samu shiga, Allah ya ba Sarki nasara, bari in ƙara da na cikin gari. Garin nan na Damagaram ruwansa da wuya tun fil azal, kuma duk ranar da famfo ya ɗauke, jaki ne ke shayar da unguwanni. Sarki ya sa a tsaya da hantsi a hanyar Kasuwar Dole a ɗaga akumarin jakin amalanke guda. Gyambo ne ja wur, ƙuda na bi, an shafe shi da baƙin man mota an mayar da kaya a kai. Jarkoki sun yi tsiri, yaro na bisa da kulki yana dukan kunne. Yaron nan ba a haife shi da mugunta ba; haya ya ɗauko, kuma sai ya cika kuɗin maigida kafin ya ga nasa. A 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna waje, bayan da aka fitar da kusan 80,000 cikin watannin farko na shekarar saboda kasuwar fata a ƙasar Sin, alhali a 2015 duka 27,000 ne. A Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta bi sahu a taronta na Adis Ababa, ta hana yanka jaki don fatarsa. An yi daidai. Amma mun tsare shi daga wuƙar baƙo mun bar shi da kulkin gida, ga kuma dokar kiwon dabbobi ta 30 ga Yuni 2004 da ta hana azabtar da dabba. Na ragunan layya da ake ɗaure wa ƙafa huɗu a jibge bisa mota cikin rana, da kajin da ake ratayewa a babur kai ƙasa, ba sai na faɗa ba, kowa na gani.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin fada ba. Kafin gwamna ya sanar da ranar sakin gonaki ta bana, Sarki ya tara hakimai da masu gari da arɗo-arɗo da shugabannin ƙananan hukumomi, a karanta musu sashen furiyal na dokar 2010 da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, a maimaita a gidajen rediyon Muryar Sahel da Anfani, masu shela su bi da shi ranar kasuwa. A ce wa kowane maigari, wanda ba shi da ruwa da inuwa da abin ba dabba, kada ya ɗaure dabbar kowa ta kwana. Ya rubuta ɓarnar gaban shaidu, ya miƙa dabbar ga mai ita ko ga wani amintacce. Kowane garke a ajiye masa littafi: ranar shiga, kamannin dabba da shaidar jikinta, wanda ya kawo ta, abin da aka karɓa, da takardar shaidar biya. Malamin dabbobi ya riƙa leƙawa. Mai gadi kuma a biya shi, don mai jin yunwa ba ya tuna dusar wani.

Na jakuna kuwa, masu amalanke suna da shugabanninsu, mahauta suna da Sarkin Fawa, 'yan tasha suna da nasu, kuma duk sun san hanyar fada. A kira su a ce jaki mai gyambo ba ya ɗaukar kaya sai ya warke, a sa dogari ya riƙa zagayawa Dole da tasha yana ɗaga akumari. Limaman Juma'a su ware wa maganar huɗuba guda kafin kaka.

Allah ya taimaki Sarki, ya ƙara wa Damagaram lafiya.

Naka talaka,
wani ɗan ƙasar Damagaram.